Tsaron ƙwayoyin cuta a ɗakunan binciken jami'o'i: wa ke sa ido, kuma da wace doka?

A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka mai suna Laura Wine ta kwanta rashin lafiya a asibitin mishan na garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa Jos, a can ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ba ta daɗe ba ita ma ta bi ta. Ta ukunsu, Lily Pinneo, sai da aka kai ta birnin New York, ta sha da ƙyar. An aika samfurin jininsu zuwa sashen nazarin ƙwayoyin bairos na Jami'ar Yale, inda aka gano sabuwar cutar da a yau ake kira zazzaɓin Lassa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne yadda cutar ta yi ɓarna a cikin jami'ar kanta. A watan Yunin shekarar, Dokta Jordi Casals, ɗaya daga cikin manyan masanan da ke aikin, ya kamu, kuma da ruwan jinin Pinneo aka ceto ransa. Kafin shekarar ta ƙare wani ma'aikacin ɗakin gwaji mai suna Juan Roman, wanda ba ya cikin masu taɓa samfurin kai tsaye, ya kamu ya mutu. Daga nan Yale ta dakatar da duk wani aiki da rayayyiyar ƙwayar cutar, ta miƙa abin da ke hannunta ga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka da ke Atlanta. A Jos kuwa, a farkon 1970, Dokta Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawar wani da cutar ta kashe, ita ma ta rasu.

Irin waɗannan mace-mace ne suka haifar da fannin da ake kira tsaron ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaje-gwaje, wato dokoki da kayan aiki da ɗabi'un da ke hana abin da ake nazari a kansa ya kama mai nazarin, ko ya fita ya shiga gari.

Fuskoki biyu na tsaro

Masana sun raba batun gida biyu. Na farko shi ne kare mutane daga ƙwayoyin cuta: kada allura ta soki ɗalibi, kada kwalba ta fashe, kada iska mai ɗauke da cuta ta fita ta taga. Na biyu shi ne kare ƙwayoyin cutar daga mutane: kada a sace su, kada su ɓace, kada wani ya yi amfani da su da gangan don cutarwa. Na farko ya fi yawan faruwa, na biyu ya fi tayar da hankalin gwamnatoci, musamman tun 2001 da aka aika wasiƙu ɗauke da ƙwayar cutar antiraks a Amurka, mutum 5 suka mutu, kuma bincike ya nuna cewa daga wani ɗakin gwaji na sojan ƙasar ƙwayar ta fito.

Jami'a tana da rauni na musamman a duka fuskokin. Kamfanin haɗa magunguna yana da ma'aikata ƙwararru da ke yin aiki iri ɗaya shekara da shekaru, ƙarƙashin shugaba guda. A jami'a kuwa kowace shekara sababbin hannaye ne ke shigowa, kowane farfesa sarki ne a ɗakinsa, ƙofa a buɗe take ga ɗalibai da baƙi, sannan akwai gaggawar kammala digiri da ta buga maƙala don ƙarin girma. Wanda ya fi daɗewa a gaban teburin gwaji galibi shi ne mafi ƙarancin gogewa.

Matakai huɗu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinta na jagora kan wannan fanni a 1983, Amurka ta fitar da nata a 1984. Daga cikinsu ne rabon ɗakunan gwaji zuwa matakai huɗu ya yaɗu a duniya.

Mataki na ɗaya na ƙwayoyin da ba sa sa wa lafiyayyen mutum cuta ne, irin waɗanda ake koyar da 'yan ajin farko da su. Abin da ake buƙata bai wuce wurin wanke hannu da tsafta da hana ci da sha a ɗakin ba. Mataki na biyu shi ne inda mafi yawan aikin jami'o'i yake: jinin marasa lafiya, ƙwayoyin taifot da kwalara, bairos ɗin ciwon hanta. A nan dole a taƙaita masu shiga, a sa farar riga da safar hannu, a samu tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, wadda ke dafa kaya a zafin digiri 121 na tsawon minti 15 ko fiye, sannan duk aikin da zai iya tayar da feshi a yi shi cikin akwatin aiki mai tace iska. Wannan akwati yana zuƙar iska daga wajen mai aiki zuwa ciki, ya bi da ita ta matatar da ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙananan ɓurɓushi, kafin ya sake ta.

Mataki na uku na cututtuka masu tsanani ne da ke bin iska, kamar tarin fuka idan ana renon ƙwayarsa, da murar tsuntsaye mai kisa. Ɗakin yana da ƙofofi biyu a jere, ba a buɗe su lokaci guda, kuma an tsara shi yadda kullum iska daga waje take shiga, ba ta fita sai ta matata. Mataki na huɗu na cututtukan da ke kisa ne waɗanda maganinsu ya yi ƙaranci ko babu shi, irin su Ebola da Marburg da Lassa. Mai aiki yana shiga cikin rigar roba da ta rufe shi ruf, ana tura masa iskar shaƙa ta bututu, ana yi wa rigar wankan sinadari kafin ya fito. A nahiyar Afirka waɗanda aka sani da irin wannan ɗaki su ne Afirka ta Kudu, a birnin Johannesburg, da Gabon, a garin Franceville.

A bugu na huɗu na littafinta, wanda ya fito a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya salo. Maimakon a ce wannan cuta sai wancan ɗaki, sai ta ce a fara auna haɗarin aikin da za a yi: wace ƙwaya ce, nawa ne yawanta, me za a yi da ita, wa zai yi, kuma me ke akwai a wurin. Gwajin jinin mutum ɗaya don a san ko yana da Lassa ba ɗaya yake da renon bairos ɗin cikin kwalabe ba. Wannan sauyi ya fi amfanar ƙasashe irin Najeriya, inda ake iya kashe ƙwayar cutar cikin rufaffen akwati mai safar hannu tun kafin a fara gwaji, a ci gaba da sauran aikin a ɗaki mai sauƙin kuɗi. Sai dai ya ɗora nauyi mai yawa a kan mai yin awon, domin idan ya yi sassauci babu bangon da zai gyara kuskurensa.

Yadda kwamitin jami'a ya samo asali

A farkon shekarun 1970 masana suka gano yadda za su yanki ƙwayar gado daga wata halitta su dasa ta a wata. Su da kansu suka tsorata da abin da zai iya biyowa baya, suka dakatar da wasu gwaje-gwaje, sannan a Fabrairun 1975 kimanin mutum 140 suka taru a Asilomar da ke Kalifoniya, bisa jagorancin Paul Berg da abokansa, suka shata ƙa'idoji. A 1976 Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka suka mayar da su sharuɗɗa: duk jami'ar da ke son kuɗin bincike na gwamnati a wannan fanni sai ta kafa kwamitin tsaro na cikin gida. A tsarin da ake bi a can, kwamitin ba ya gaza mutum 5, kuma aƙalla 2 daga cikinsu ba ma'aikatan jami'ar ba ne, suna wakiltar jama'ar gari.

Shigar da mutanen gari ba kyauta aka yi musu ba. A shekarar 1976 ɗin magajin garin Cambridge na jihar Massachusetts, Alfred Vellucci, ya ja da Jami'ar Harvard kan wani sabon ɗakin gwaji da take son ginawa. Majalisar garin ta sa aka jingine aikin, ta naɗa kwamitin talakawan gari waɗanda ba masana fannin ba, suka shafe watanni suna sauraren ɓangarorin biyu, a ƙarshe suka yarda a ci gaba bisa sharuɗɗa.

A Birtaniya kuwa darasin ya zo da ɗaci. A Oktoban 1977 aka samu mutum na ƙarshe da ya kamu da cutar agana a cikin jama'a, wato Ali Maow Maalin na Somaliya. Duniya na shirin murna sai ga shi a Agustan 1978 Janet Parker, mai ɗaukar hoto a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Birmingham, ta kamu da agana. Ofishinta yana saman benen da ake nazarin ƙwayar cutar. Ta rasu ranar 11 ga Satumba, ita ce ta ƙarshe da agana ta kashe a duniya. Shugaban sashen, Farfesa Henry Bedson, ya kashe kansa kwanaki kaɗan kafin rasuwarta. Kwamitin binciken gwamnati ya gano cewa ɗakin bai cika ƙa'idoji ba, kuma masu duba na Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna damuwa watanni kafin faruwar abin, amma aiki bai tsaya ba. An gurfanar da jami'ar a kotu, kotu ta wanke ta, kuma har yau masana ba su daidaita kan hanyar da ƙwayar ta bi ta isa ga matar ba. Bayan haka aka tattara ragowar ƙwayar agana ta duniya, aka bar ta a wurare biyu kacal da aka amince da su: Atlanta a Amurka da Koltsovo a Rasha.

Aikin kwamitin

A jami'ar da tsarin ke tafiya daidai, malami ba ya fara aiki da ƙwayar cuta, ko jinin mutum, ko halittar da aka sauya wa ƙwayar gado, sai ya rubuta wa kwamiti abin da zai yi dalla-dalla. Kwamitin zai duba ɗakin, ya duba ko an horar da ɗaliban, ko an yi musu rigakafin da ya kamata, kamar na ciwon hanta ga masu taɓa jini da na haukan kare ga masu binciken ƙwaƙwalwar karnuka, da yadda za a zubar da shara, da abin da za a yi idan kwalba ta zube. Yana da ikon amincewa, ko neman gyara, ko hanawa. Ƙarƙashinsa akwai jami'in tsaro, wanda shi ne idon kwamiti a kullum: yana zagayawa, yana riƙe da rajistar abin da ke cikin kowane firiza, yana karɓar rahoton haɗari. Amma alhakin farko yana wuyan shugaban bincike, domin shi ke tare da ɗalibai.

Wannan kwamiti daban yake da na ɗa'ar bincike, wanda ke kare haƙƙin mutanen da ake gwaji a kansu, daban kuma yake da na kula da dabbobin gwaji. Bincike guda yana iya buƙatar amincewar dukkan ukun, kuma amincewar ɗaya ba ta wadatar da ta ɗaya.

Babban aibin tsarin a bayyane yake. 'Yan kwamitin abokan aikin mai neman izini ne, wani lokaci ma ƙannensa ne a muƙami. Kuɗin binciken da za su hana, jami'arsu ce za ta rasa. Shi ya sa kwamitin cikin gida ba ya isa sai da hukuma ta waje mai iya rufe ɗaki.

Inda ake samun tangarɗa

Wani masani Ba'amurke, Robert Pike, ya tattara rahotannin waɗanda suka kamu da cuta a ɗakin gwaji daga 1930 zuwa 1978, ya samu mutum 4,079, waɗanda 168 daga cikinsu suka mutu. Abin da ya fi ɗaukar hankali a ƙididdigarsa shi ne, a mafi yawan lokuta ba a iya nuna wani takamaiman haɗari da ya faru ba. Babu allurar da ta soki kowa, babu kwalbar da ta fashe. Mutum dai ya shaƙi feshin da ido ba ya gani. A wancan zamani ma har da baki ake zuƙo ruwan samfuri ta bututun gilashi, ɗabi'ar da yanzu aka haramta.

Kayan aiki sun inganta, amma sakaci bai ƙare ba. A Satumban 2003, bayan an shawo kan annobar SARS, wani ɗalibin digiri na uku a Singafo ya kamu da ita alhali wata cuta daban yake nazari. Samfurinsa ne ya gauraya da bairos ɗin SARS a ɗakin da ake ajiye su tare. A 2004 an sake samun irin haka a wata cibiyar gwamnati a birnin Beijin, inda cutar ta fita ta kama mutum 9, ta kashe mahaifiyar wata ɗaliba da ta yi jinyar 'yarta. A 2009 Farfesa Malcolm Casadaban na Jami'ar Chicago ya mutu daga wata ƙwayar annobar ɓeraye da aka raunana, wadda kowa ke ɗauka ba ta da illa. Daga baya aka gano yana da larurar taruwar sinadarin ƙarfe a jiki, wadda shi kansa bai san da ita ba, kuma ita ta ba ƙwayar ƙarfin da aka cire mata.

Akwai misali guda da ya kamata tsangayoyin likitancin dabbobi su riƙe. A Disamban 2010, a Jami'ar Aikin Gona ta Arewa maso Gabas da ke Harbin a ƙasar Sin, an fede awaki 4 a darasin aji ba tare da an gwada lafiyarsu ba. Ɗalibai 27 da malami 1 suka kamu da cutar bakkale, wadda makiyaya suka sani da sa dabba ɓari, kuma a jikin mutum takan zama zazzaɓi mai kai-komo da ciwon gaɓoɓi na tsawon lokaci. Ba wani babban bincike ake yi ba, darasi ne na yau da kullum.

Ɓoye haɗari kuma laifi ne mai zaman kansa. A 2006 wata mai bincike a Jami'ar Texas A&M ta kamu da bakkale tana share wata na'ura, jami'ar ba ta sanar da hukuma ba sai bayan fiye da shekara, kuma sai da wata ƙungiyar sa ido ta tono maganar. An dakatar da binciken jami'ar kan cututtuka masu haɗari, ta biya tarar dala miliyan 1 a 2008. A jihar ta Texas dai, a 2003 Dokta Thomas Butler na Jami'ar Texas Tech ya ba da rahoton ɓacewar kwalabe 30 na ƙwayar annobar ɓeraye, samfuran da ya kawo daga Tanzaniya. Maganar ta ƙare da ɗaurin shekara 2, kuma cikin laifukan da aka same shi da su har da aika samfuri ƙetare ba bisa ƙa'ida ba. Kanada ta ɗauki hanya mafi tsauri: tun Disamban 2015 doka ta wajabta wa duk ɗakin gwaji mai lasisi ya sanar da hukumar lafiya ta ƙasa idan wani ya kamu ko ya yi kusan kamuwa, hukumar kuma tana wallafa jimillar a kowace shekara.

Tsarin Najeriya

Dokar Najeriya ta shigo ne ta ƙofar noma, ba ta asibiti ba. Ƙasar ta amince da Yarjejeniyar Cartagena, wadda aka ƙulla a 2000 ta fara aiki a 2003, kuma ta shafi zirga-zirgar halittun da aka sauya wa ƙwayar gado. A Afrilun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar da ta kafa Hukumar Kula da Tsaron Fasahar Halittu ta Ƙasa, NBMA, ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli. Hukumar ce ke tantance cibiyoyin da ke son yin irin wannan bincike, ta duba gine-ginensu, ta ba da izinin gwaji a killataccen fili, kuma tana buƙatar kowace cibiya ta kafa kwamitin tsaro nata.

Misali mafi kusa shi ne Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A can aka samar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, bisa jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An shafe kusan shekara goma ana gwada shi a killatattun gonaki, inda ƙa'ida ta ce a katange fili, a ƙirga irin da ya shiga, a lalata abin da ya rage bayan girbi. Hukumar ta ba da izini a Janairun 2019, aka saki irin ga manoma a Disamban shekarar. Masarar TELA ta bi wannan hanya, aka sake ta a Janairun 2024. Ƙungiyoyi irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey suna sukar hukumar da saurin ba da izini, ita kuma tana cewa ba ta amincewa da komai sai bayan awon haɗari. Wannan muhawara ce ta mamaye kafafen yaɗa labarai, har ta sa da yawa suka ɗauka aikin hukumar bai wuce iri ba.

A 2019 aka yi wa dokar kwaskwarima, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu. Gyaran ya shigar da sababbin fasahohi kamar gyaran ƙwayar gado a cikin halittar kanta, ya kuma ɗora wa hukumar alhakin tsare ƙwayoyin cuta daga sata ko mugun amfani. Daga nan aka samar da manufar ƙasa da tsarin aiki na shekarun 2022 zuwa 2026.

Sai dai hukumar ba ita kaɗai ke da hannu a ciki ba. Majalisar Kula da Kimiyyar Gwaje-gwajen Lafiya, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke rajista da duba ɗakunan gwajin asibiti. Hukumar NCDC, wadda ta samu dokarta a 2018, ita ke jan ragamar ɗakunan da ke gwada Lassa da sanƙarau da kwalara da makamantansu. Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, wanda Dokar Lafiya ta 2014 ta ƙarfafa, shi ke da ruwa da yarjejeniyar fitar da samfurin jikin mutum zuwa ƙetare. Hukumar NESREA na da ikon duba shara mai haɗari, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa kuma na duba ɗakunan gwaji lokacin tantance kwasa-kwasai. Ɗakin gwaji guda a asibitin koyarwa yana iya faɗawa ƙarƙashin huɗu daga cikinsu. Ɗakin wani sashe a tsangayar kimiyya, inda ɗalibai ke renon bakteriya ba tare da sauya ƙwayar gado ba kuma ba gwajin marasa lafiya suke yi ba, yana iya faɗawa tsakani, kowace hukuma ta ɗauka na wata ne. Binciken haɗin gwiwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a 2017 kan shirin Najeriya na tunkarar annoba ya sanya wannan fanni cikin masu rauni.

Duk da haka, an ga ranar ɗakunan jami'o'i. Lokacin da Patrick Sawyer ya sauka Legas ranar 20 ga Yulin 2014 ɗauke da Ebola, ɗakin gwajin Farfesa Sunday Omilabu na Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas ne ya gano cutar, cibiyar Farfesa Christian Happi ta Jami'ar Redeemer's ta tabbatar. Annobar ta tsaya a mutum 20, ta kashe 8, aka ayyana ƙarshenta ranar 20 ga Oktoba. Ɗakin na Legas ne kuma ya tabbatar da mutum na farko da ya shigo da korona a Fabrairun 2020. Asibitin koyarwa na Irrua a Jihar Edo ya zama cibiyar Lassa da duniya ta sani, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom kuma tana da ɗaki na mataki na uku.

Wuta da shara da firiza

Waɗancan cibiyoyi suna da abokan hulɗa na ƙetare, kuma mai ba da kuɗi yakan zo da masu dubansa. Haɗarin da ya fi kusa yana ƙananan ɗakuna ne, inda ɗaliban shekarar ƙarshe ke ɗebo samfuri daga mayanka, ko rijiya, ko ƙwaryar nono, ko takardun kuɗi, su rena abin da ke ciki ba tare da sun san me zai tsiro ba. Digon da ba zai cutar da kowa ba, idan ya kwana biyu a faranti mai ɗumi, yakan zama biliyoyin ƙwayoyi. Idan tukunyar tururi ta lalace, farantan sukan ƙare a kwandon shara, daga nan zuwa juji, inda 'yan jari-bola da yara ke tono. Masu shara da masu wanke kwalabe, waɗanda sunansu ba ya fitowa a kan kowace maƙala, su ne ake mantawa da su wajen horo da rigakafi.

Wutar lantarki a nan ba batun jin daɗi ba ce. Akwatin tace iska fanka ce ke riƙe da shi. Da zarar an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, iskar da ke shiga ciki tana iya juyowa fuskar mai aikin. Akwatin kuma yana buƙatar ƙwararre ya gwada shi aƙalla sau ɗaya a shekara da duk lokacin da aka gusar da shi, domin wanda matatarsa ta huje ya fi rashinsa haɗari, tunda mai aiki ya saki jiki. Sayen na'ura ya fi sauƙin shiga kasafi a kan kula da ita, shi ya sa ake samun sabon gini mai kyan gani da babu kuɗin man janaretonsa. Haka ma jigilar samfuri: ƙa'ida ta ce a sa shi cikin mazubi uku, ɗaya cikin ɗaya, da abin tsotse ruwa a tsakani da alama a waje, ba a naɗe shi a leda a ba direba a tasha ba.

Sannan akwai abin da ke kwance a firiza. A Yulin 2014 ma'aikata na kwashe kaya daga wani tsohon ɗakin ajiya a harabar Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka da ke Bethesda, sai suka tarar da kwalabe 6 na ƙwayar agana da aka manta da su tun shekarun 1950, wasu ma da ransu. Idan haka ta faru a can, jami'ar da malamanta ke ritaya ko ƙaura su bar kwalabe marasa suna, kuma yajin aiki ya rufe ta wata 8 kamar yadda aka yi a 2022, tana da dalilin buɗe firizojinta ta ƙirga.

Ga Najeriya wannan ƙirga tana da alaƙa kai tsaye da shan inna. A 2016 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta daji ta kama a Jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ɗakunan gwaji biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, na Jami'ar Ibadan da na asibitin koyarwa na Maiduguri, su suka ɗauki nauyin gwajin samfuran ƙasar tsawon shekaru. Amma shirin hukumar na killace ƙwayar bai tsaya a kansu ba. Ya buƙaci kowace ƙasa ta binciki duk ɗakin da ke ajiye da bayan-gida, ko majinar maƙogwaro, ko ruwan kwata da aka ɗiba a lokaci da wurin da cutar ke yawo, ko da don binciken gudawa ko tsutsar ciki aka ɗebo su. Samfurin da wani ɗalibi ya tara a Kano ko Sakkwato a 2006, lokacin da cutar ke kan ganiyarta, yana cikin wannan rukuni, kuma abin da shirin ya tanada a kansa shi ne a lalata shi, ko a kashe abin da ke cikinsa, ko a miƙa shi ga cibiyar da aka ba izinin riƙewa.